Dawar da Ake Dasawa Kamar Albasa

Walia, Injamena, ƙasar Chadi
Ƙarshen bazara

Zuwa ga ƙanena Falalu, a Rijiyar Baushe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Hansatu da yara da dabbobi. Ni ma da sauƙi, in dai ana kiran zaman da nake yi sauƙi.

Da hannuna na rubuta wannan takarda, da ɗan ajamin da na tsinta kafin mahaifinmu ya cire ni daga allo ya kai ni gona. In ka ga baƙi ya karkace, ka miƙe shi da kanka. 'Yata Zuleha ta ce in yi maka magana ta waya, na ce a'a. Kunnena ya yi nauyi, kai kuma a waya "to, to" kake ce wa mutum, ana kashewa shi ke nan, ba shaida. Yunus direban motar shanu zai ajiye maka ita a kasuwar Maigatari.

Maganata ɗaya ce, ɗakina. Ka sa a ɗora masa sabuwar jinka kafin ruwa ya sauka, domin gida zan dawo. Ranar da aka yi addu'ar arba'in ta maiɗakina Mariya, kai da Zuleha kuka shige zaure kuka gama shawararku, kuka ɗora ni a mota kamar tsohon rago, wai in zo in ɗan huta. Ga shi damina guda ta wuce ni ina hutawa. Na huta, ya isa. An kuma gaya mini riɗi ka shuka a gonata ta gindin kuka. Gonar da tun muna yara ba ta san komai ba sai gero. Ban ce komai ba tukuna, na dai ji.

Ba wulaƙanta ni ake yi a nan ba, kada ka ce na ce. Abdulgani mijin Zuleha yana fita tun sassafe zuwa rumfar namansa a Kilemat, can ƙetaren gada, kuma ba ya dawowa hannu sake. Amma garin ba nawa ba ne. In na yi sallama a hanya sai a amsa mini da Larabcin da ba na masallaci ba. Abincinsu kuwa, Falalu. Tuwonsu esh suke ce masa. A tuƙa shi da tauri, a shafa wa ƙwarya mai, a danna shi a ciki, a kife a faranti, ya fito sumul kamar kan mai sanƙo. Kuma da azahar suke ci, rana na dukan mutum. A ina ka taɓa ganin mai hankali yana cin tuwo da azahar? Miyar busasshiyar kuɓewa ce da wani busasshen nama wai shi sharmut, wani lokaci su jefa wani baƙin abu da suke kira kawal. Ganye ne aka rufe har ya canza hali. Daddawarmu kusa da shi turare ce. Akwai kuma kisar, kamar an yi niyyar sinasir sai ƙullu ya ƙare.

Hatsin da suke tuwon da shi berbere ne sunansa. Na ɗebi ƙwayar na duba a tafin hannu. Dawa ce, amma ba kaura ba ce, ba kuma farafara ba. Ina jin ita ce Barebari ke ce wa masakwa. Ban sa ta a bakina ba, ba kuma zan sa ba. Buhun geron da na zo da shi daga rumbuna shi Zuleha ke niƙa mini daban, ta yi mini tuwo da magariba kamar yadda mutane ke yi. Buhun ya yi ƙasa. Wannan ma ya ishe ka dalilin hanzarta jinkar.

Ka gaida duk mai tambayata. Wanda bai tambaya ba ka bar shi.

Yayanka,
Idi

*

Rijiyar Baushe
Farkon damina

Zuwa ga Yaya Idi.

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Takardarka ta iso, na karanta ta a zaure, na sake karanta wa Hansatu a cikin gida. Ta yi dariyar kan mai sanƙo har tari ya sarƙe ta. Kowa yana gaishe ka, har waɗanda ka ce a bari.

Yaya, batun jinka, ba ƙi na yi ba. Na je na duba ɗakin. Gara ta cinye itatuwan, bangon gabas kuma ya tsage, sai an yi masa yaɓe kafin a ɗora masa komai. Shuci ya yi wuya bana, wanda ake kawowa kasuwa gajere ne. Ga ruwa ya riga ya sauka, kowa yana gona, ba wanda zan samu ya hau sama. Mu bari mu ga bayan damina, in Allah ya kai mu.

Batun riɗi kuwa gaskiya aka gaya maka. Ƙasar ta gaji da gero, kai ma ka faɗa da bakinka shekarar da wuta-wuta ta cika ta. Kuma ni kaɗai ne da yara biyu a kan gonaki uku, riɗi bai cika neman hannu ba. Gonarka tana nan inda ka bar ta, ba wanda ya matsar da iyaka.

Ina roƙonka ka riƙa cin abin da Zuleha ta dafa wa gidanta. Tukunya biyu kullum wahala ce ga mace mai goyo. Mutanen can ma Musulmi ne, da bismilla suke ci, kuma ga su nan da ƙarfinsu.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri.

Ƙanenka,
Falalu

*

Walia, Injamena
Tsakiyar shuka

Zuwa ga Falalu.

Bayan sallama, na ga amsarka. Gara, tsaga, shuci, damina. Da ka ƙara takarda da ka samo na biyar. Haƙurin da ka roƙar mini kuma ka riƙe abinka.

Tun da ka hana ni gonata, na samu wata a nan. Abdulgani ya ga zaman ƙofar gida yana cina, sai ya roƙar mini kusurwa a gonar wani maƙwabcinmu, can bayan unguwa inda gidaje suka ƙare. Zakariya sunansa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya ce kakanninsa daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon bai tashi ba har yau. Yana jin Hausa, irin ta kakarmu, amma rabinta Larabci ya cinye. Abba Idi yake ce mini. Shi kaɗai ne a garin nan in ya yi magana ba sai an fassara mini ba, shi ya sa nake jure shi.

Ka ji irin nomansu. Ƙasar baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar akuya na iya faɗawa. Ruwa ya sauka, ina jira in ga an fito da sungumi, shiru. Abin da kawai Zakariya ya yi shi ne ya zagaye gonar da 'yar ganuwa ta laka, tsayin ƙauri, ya raba cikinta gida-gida, ya kaɗe hannunsa ya koma gindin bishiya yana shan jan shayi. Na tambaye shi yaushe za a yi shuka, ya ce sai ruwa ya ɗauke. Na zaci kunnena ne, na sa ya maimaita. Ƙasa guda ta manya da gemu, Allah na sauko musu da ruwa suna kallo. Ban taɓa ganin lalaci mai tsari irin wannan ba.

Ni dai na fito da zangarniyar da na ware tun daga gida, na ƙara da abin da na ɗiba a buhun ci, na shuke kusurwata tas. Zakariya ya zo ya tsaya a kaina ya ce wannan ƙasa ba ta gero ba ce, nan da ɗan lokaci ruwa zai kwanta a wurin har gwiwa, in bari ya nemo mini tudu. Na ce masa tun ban yi kaciya ba nake bin bayan sungumi, ba a Chadi za a koya mini inda gero ke so ba. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya tafi.

Falalu, da ka ga yadda ya tsiro. Kore shar, kowane rami ya amsa. Masu wucewa a babur har tsayawa suke suna nuna shi da hannu suna magana da yarensu. Na san abin da suke cewa ko ba a fassara ba. In na yanka zan aiko maka da dami guda, ka rataya a zaure, ka riƙa tuna abin da ka ƙi shukawa.

Maganar jinka tana nan, ban janye ba. Da na gama girbin nan zan taho.

A gaida Hansatu, ka ce mata ta rage dariya.

Idi

*

Walia
Ƙarshen damina

Zuwa ga Baffa Falalu.

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaisuwa da ladabi, ina gaida Inna Hansatu da ƙannena. Baba bai san na rubuto ba, don Allah kada ka ambata masa.

Geron Baba ya mutu. Ruwa ya kwanta a gonar kamar yadda kowa ya gaya masa, geron ya yi ja, ya kwanta, ya ruɓe. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Da ya ga ruwan ya ƙi tafiya, sai ya ɗauki fartanya ya je ya fasa ganuwar da Malam Zakariya ya yi, wai zai buɗe wa ruwan hanya. Ruwan ɓangare guda na gonar mutumin ya tsiyaye ya bi kwari. Baffa, a nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da gangan suke tare ruwan don ƙasa ta sha ta ƙoshi. 'Ya'yan Malam Zakariya suka zo ƙofar gida da zafi za su kai ƙara wurin bulama, mai unguwa ke nan. Abdulgani ya yi ta ba da haƙuri, Baba kuwa yana zaune a tabarma yana cewa taimakonsu ya yi. Malam Zakariya ne ya kori yaransa, ya toshe wurin da hannunsa, ya ce ba ya son ƙara, amma in lokacin dashe ya zo Abba Idi zai biya da hannunsa.

Geron ci ma ya ƙare, tun da ya zuba rabinsa a laka. Na sayo na kasuwa a ɓoye, ya ɗanɗana ya ce ba na rumbunsa ba ne, ya ture. Yanzu shayi da burodi kawai yake sha. Rigarsa ta yi masa yawa. In akwai hali a aiko da ko kaɗan ne daga gida, zai gane shi.

Batun ɗaki kuma, Baffa, ka ci gaba da ja masa rai. Kai ka tsince shi kwance a gindin kuka da fartanya a hannu, rana ta gama dukansa, ba wanda ya san tun yaushe. Ni ba zan iya zama a wata ƙasa ina jiran irin wannan labari ba. Gara ya yi ta yi mini faɗa ina ganinsa.

Na gaji Baffa, amma ba komai. A sa mu a addu'a.

'Yarka,
Zuleha

*

Walia, Injamena
Bayan ɗaukewar ruwa

Zuwa ga Falalu.

Ina gaisuwa. Damin da na ce zan aiko ba zai zo ba. Ƙasar nan ce ba ta da kirki, ba irin ba. Kada ka tambaye ni ƙarin bayani. Yunus ya ce ka ba shi gero ya kawo mini, ruwa ya yanke hanya, geron ya yi ta zama a mota har ya jiƙe ya tsiro a buhu. Ban san wanda ya ce maka ina nema ba, amma na gode.

Wata 'yar magana ta shiga tsakanina da Zakariya a kan ganuwarsa. Ni ban ce na yi laifi ba. Duk manomin da ya ga ruwa ya shaƙe shuka zai buɗe masa hanya, kai ma da haka za ka yi. Amma tun da ya ce in taya shi aiki, ban so a ce mutumin Rijiyar Baushe ya gudu daga gona ba. Aikin ne ya kashe mini hannu, ka yi haƙuri da rubutun.

Ashe duk zaman shan shayin nan yana da wani ɗan fili a kan tudu inda ya watsa irin berbere tun tsakiyar damina, cunkus kamar gadon albasa. Da ruwan gona ya janye, aka sassabe ciyawa aka ƙone, sai ya ce mu je cira. Muka tuge shukar, ta kai tsayin kamu biyu, ya kama ta dunƙule-dunƙule ya datse kan ganyen da wuƙa, ya rage saiwar, ya jiƙa gindin a ruwa ya kwana. Na ce masa yanzu dawa ce ake yi wa aski a kuma dasa ta kamar albasa? Ya ce haka ya tarar.

Babu sungumi a aikin. Wani ƙaton itace ne mai tsini, nauyinsa kamar taɓarya biyu. Ka ɗaga shi da hannu biyu ka soka a laka, ka jujjuya, ka zare. Mai bin baya ya tsiyaya ruwa kaɗan a ramin, kamar na kurkurar baki, ya sa shuka biyu, ya wuce. Ba a rufe ramin. Haka ake barinsa baki buɗe.

To nan aka sha fama da ni. Kai ka san ƙafar manomi, in ta ga rami da iri a ciki ba ta neman izini. Ina sa shukar, diddigena ya tura ƙasa ya danne. Na yi layi guda cur ban sani ba. Zakariya ya waiwayo ya ga aikin, ya ajiye itacen ya ce, "Abba Idi, ƙafar nan taka ba ta ƙetaro gada ba har yanzu. Ɗaure ta." Ya ce laka ba yashi ba ce, in an danne ta sai ta bushe ta shaƙe wuyan shukar. Matarsa da ke bin mu da tulu ta yi dariya har ruwa ya zube. Dole na koma ina tafiya ƙafa a ware kamar mai gwaiwa.

Da muka kai ƙarshen gona na duba sama, ba gajimare ko na rantsuwa. Na ce masa to yanzu wa zai shayar da ita, tun da ba rijiya ba kogi kusa, damina kuma ta tafi? Ya nuna ƙasa da yatsa.

"Ruwan da ka so ka kora," in ji shi, "shi za ta sha har ta nuna."

Na sunkuya na tattara sauran shukar. Da ma ba tambaya ya yi ba.

Akwai wani abu da na fi son ka ji daga bakina kafin Zuleha ta ƙara masa gishiri. Ran nan da azahar, tun safe ina ta ɗaga itacen nan da shayi kaɗai a cikina, sai na ga gonar tana juyawa. Na zauna. Matar Zakariya ta kawo faranti gindin bishiya, esh da miyar kuɓewa, har da kawal ɗin. Zakariya bai ce mini ci ba, bai ce kada ka ci ba, ya dai matsar da farantin tsakiyarmu ya yi bismilla yana kallon wani wuri. Na ci. Ban ce yana da daɗi ba. Yana da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe wanda dawarmu ba ta da shi, kuma yana zama a ciki kamar an ajiye dutse, har la'asar ban ji hannuna ya mutu ba. Wanda zai ɗaga wannan itace dole ya ci tuwo da rana, wannan kam na ba su. Da na dawo gida Zuleha ta ji warin kawal a hannuna, ta shiga ɗaki ta daɗe. Tun ranar tukunya ɗaya ake ɗorawa.

Yanzu shukar ta miƙe, ban da layina da na danne, rabinsa ya bushe. Ɓangaren da ruwa ya tsiyaye ma ganyensa na naɗewa da rana. Kullum sai na je na duba shi. Ba don komai ba, hanya ce ta bi ta nan.

Damina ta wuce, Falalu. Shuci ya yi tsawo, mutane sun sauko daga gona. Ina jiran sabon dalili.

Yayanka,
Idi

*

Rijiyar Baushe
Cikin sanyi

Zuwa ga Yaya Idi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya, mun gama kaka, an gode Allah.

Yaya, ba ni da sabon dalili. An yi wa ɗakinka yaɓe, an sa sababbin itatuwa, an ɗora jinka. Hansatu ta share, ta yi daɓe, ta mayar da gadonka da buzunka inda suke. Na cire karan riɗi daga gonar gindin kuka, na sa an zuba mata taki. In ka zo ka shuka abin da ka ga dama.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa ba, tun da ka ce takarda shaida ce. Gara ta ci itatuwan da gaske, amma aikin yini biyu ne. Ni ne ban so ba. Ranar da na juya ka a gindin kuka, bakinka cike da ƙasa, na ɗauka gawa nake juyawa. Mu biyu muka rage a cikin 'ya'yan babanmu. Na ga gara kana can kana zagina da ka dawo in sake tsintarka. To amma na yi ta tunani, kai ne babba, gonarka ce, ɗakinka ne, kabarin Mariya ma a nan yake. Ba ni da ikon tsare ka a ƙasar wasu. Kuma na gaji da zama mugu a kowace takarda.

Yunus ya ce zai taso daga can in sanyi ya yi sauƙi, zai ajiye maka gaban mota. Zuleha za ta ji haushina, ka bar ni da ita.

Sai ka zo. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanenka,
Falalu

*

Walia, Injamena
Ƙarshen sanyi

Zuwa ga ƙanena Falalu.

Na amsa sallamarka. Na karanta takardarka, na ajiye, na sake ɗauka. Maganar gindin kuka kuma jiri ne kawai, kun mai da shi labari.

Yunus ya zo ya tsaya a ƙofar gida. Na ce ya tafi.

Zakariya ya faɗi tun berbere na fitar da kai. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ma da ƙyar. 'Ya'yansa haya suke yi da babur a cikin gari, ba wanda ya san ta inda ake kama itacen nan. Ni na yi gadin tsuntsu har muryata ta dishe, ni na tsaya aka yanka. Ta yi kai dunƙule-dunƙule kamar damtse, ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya tun da muka dasa. Ɓangaren da ruwa ya tsiyaye kuwa kawunan ba su fi ƙwan kaza ba. Na kai wa Zakariya manyan da ƙananan ya gani. Ya taɓa ƙananan da hannunsa mai rai. Sai ya zaɓi manyan ya tura mini, ya ce, "Iri. Tsakiyar damina, kan tudu. Ka san wurin."

Lokacin da ake watsa irin nan, lokacin geronmu ke neman maimai. Lokacin da ake ɗaga ganuwa, lokacin ake shuka a gida. Na juya abin ta kowace fuska, bai haɗu ba. Ɓangaren da na fasa wa ganuwa kuma sai an sake cika shi da ruwa an ga ya yi kai kamar sauran, kafin a ce wani abu a bayana.

Laifinka ne. Da ka ɗora jinkar nan lokacin da na ce, da ban san wani Zakariya ba.

Ga ƙullin berbere nan na ba Yunus. Kada ka shuka, yashinmu ba zai riƙe ta ba. Hansatu ta tuƙa da tauri, ku ci da rana.

In ka je maƙabarta ka tsaya wurin Mariya ka yi mata addu'a a madadina. Gadon da buzun a mayar da su ɗakinka. Ɗakin kuma kada a bar shi a rufe jinka ta lalace a banza. Ku zuba harawa a ciki.

Na gaji, hannuna ya ƙi. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Idi